Wane ne "Simon" da ake gani a bayan sunayen gizo-gizo, kuma da me ya rarrabe su?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin ilimin dabbobi ne, an ba ni aikin tattara gizo-gizo. Duk littafin da na buɗe sai in ga an rubuta "Simon" da wata shekara a bayan suna. Wane ne shi? Kuma da me mutum yake bambance dubban gizo-gizo, alhali a ido kusan duk kamarsu ɗaya?

Amsa: Barka kadai. Mutumin da kake gani shi ne Eugène Simon, Bafaranshe, an haife shi a birnin Faris ranar 30 ga Afrilu 1848, ya mutu a can ranar 17 ga Nuwamba 1924. Ya raɗa wa nau'in gizo-gizo sama da 4,000 suna, kuma har yau babu wanda ya kamo shi. Mai bi masa shi ne Norman Platnick na Amurka, wanda ya mutu a 2020, shi kuwa kimanin rabin wannan adadi ya samu.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita kalmomi uku, don kada mu riƙa tuntuɓe da su. Zan ce "nau'i" ga waɗanda ke barbara da juna su haifi irinsu, "gida" ga nau'o'in da suka haɗa kaka na kusa, "dangi" kuma ga tarin gidaje. Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko gida, ta biyu nau'i. Ɗauki ɗan gizo-gizon nan mai launin toka da ke tsalle a bangon gidaje a ƙasashe masu zafi, har da namu. Ana rubuta shi Menemerus bivittatus (Dufour, 1831). Léon Dufour ne ya fara siffanta shi a 1831, amma a wani gida daban ya sa shi. Simon ne ya kafa gidan Menemerus a 1868, daga baya aka mai da wannan nau'i can. Bakan da aka sa wa sunan Dufour alama ce ta cewa an canja wa nau'in gida. In ka ga sunan marubuci babu baka, nau'in yana nan inda mai suna ya ajiye shi. Ɗalibai da yawa suna zaton bakan ado ne, sai su sa ko su cire yadda suka ga dama, kuma kuskure ne da mai duba takarda zai gani tun daga layin farko.

Simon ɗan masu hali ne, bai rayu a kan albashi ba, wannan ya ba shi damar sadaukar da shekara sittin ga abu ɗaya. Yana ɗan shekara 16, a 1864, ya fitar da littafinsa na farko, Histoire naturelle des araignées, wato bayanin halittar gizo-gizo. Aikin yaro ne, akwai gyara a ciki sosai, amma wasu gidajen da ya kafa a ciki, irin su Neoscona da Cyrtophora, da su ake aiki har gobe. Ya yi yawon tattara samfuri da kansa a Sifen, Kosika, Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Masar. Ya je Benezuwela a 1887 zuwa 1888, sannan Filifin, Silon wadda yau ake kira Siri Lanka, da Afirka ta Kudu a 1893. Sauran samfura matafiya da masu tara ƙwari ne suka riƙa aiko masa daga ko'ina. A Benezuwela ne kuma hankalinsa ya koma kan 'yan tsuntsayen nan na nahiyar Amurka masu tsayawa cak a iska suna shan ruwan fure, har ya rubuta littafi guda a kansu a 1921.

Manyan ayyukansa biyu ne. Les Arachnides de France, kan gizo-gizo da danginsu na Faransa, ya fara fita a 1874, bai ƙare ba sai 1937, bayan Lucien Berland da Louis Fage sun kammala shi daga rubutun da ya bari. Na biyu shi ne ya sa ake ambatonsa: bugu na biyu na Histoire naturelle des araignées, wanda ya fita kashi-kashi daga 1892 zuwa 1903, mujalladi biyu, kowanne ya haura shafi dubu. Suna kawai ya haɗa shi da littafin ƙuruciya. A cikinsa ya bi gidajen gizo-gizo na duniya da aka sani a lokacin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su cikin dangi, ya rubuta mabuɗin gane kowanne da Latin. A ganina wannan ya fi yawan sunayen muhimmanci. Raɗa suna kowa mai haƙuri zai iya. Samun mutum ɗaya da ya riƙe kusan duk gidajen a hannunsa, ya kwatanta su da ido ɗaya, shi ne abin da ba a sake yi ba.

Ba daga kansa aka fara ba. Carl Clerck na Suwidin ya buga littafi kan gizo-gizon ƙasarsa a 1757, da suna mai kalma biyu, shekara guda kafin bugu na goma na littafin Carl Linnaeus, masanin halittu ɗan Suwidin, wanda daga shi ake fara lissafin sunayen dabbobi. Dokar raɗa wa dabbobi suna ta yi wa Clerck alfarma, ana ɗaukar littafinsa kamar ya fito ranar 1 ga Janairu 1758. Ke nan gizo-gizo ne dabbobin farko da suka sami halastaccen sunan kimiyya.

Yanzu ga asalin tambayarka. Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne launi. Launi yana canjawa da shekaru, da abin da aka ci, da wurin zama, kuma yana zubewa a cikin ruwan adana. Girma ma haka. Abin da ake dubawa ginin jiki ne, kuma akwai tsarin da ake bi, daga babba zuwa ƙarami.

Ka fara tabbatar da cewa gizo-gizo ne: ƙafa takwas, jiki kashi biyu da siririn ƙugu a tsakani, babu fiffike, babu gashin-baki na lalube irin na ƙwari, sannan nonuwan zare a ƙarshen ciki. Kunama da kaska 'yan uwansa ne na nesa. Ƙoƙi kuwa, duk da tatsuniya ta aura mata Gizo, ƙafarta shida, ƙwaro ce, ba su haɗa komai ba.

Sai fiƙoƙi. Idan suna sara daga sama zuwa ƙasa, a jere da juna kamar saran gatari, kana riƙe da ɗan rukunin manyan nan masu gashi da ke zama a rami, su tarantula, kuma za ka tarar da huhu huɗu a ƙarƙashin ciki, ana ganinsu kamar tabo masu haske. Gidan Hysterocrates na Kamaru da maƙwabtanta, wanda Simon ya kafa a 1892, yana cikinsu. Idan fiƙoƙin suna haɗuwa daga gefe da gefe kamar awartaki, to rukuni na biyu ne, wanda ya ƙunshi fiye da kashi tara cikin goma na duk gizo-gizo, yawancinsu da huhu biyu. Akwai ƙaramin rukuni na uku a gabashin Asiya, masu faranti-faranti a bayan ciki, Reginald Pocock na Landan ne ya ware su a 1892. Ba za ka gamu da su a nan ba.

Daga nan idanu. Yawanci takwas ne, wasu shida, kuma jerinsu yana kai ka ga dangi da sauri. Biyu manya a gaba kamar fitilar mota, dangin masu tsalle ne, Salticidae. Huɗu ƙanana a ƙasa, biyu manya a sama, biyu a baya, dangin Lycosidae ne masu farauta a ƙasa, waɗanda idonsu ke ƙyalli in ka haska tocila da dare. Shida a jere biyu-biyu, ka duba gidan Scytodes ko na Loxosceles. Bayan idanu sai ƙafa. Kowace ƙafa gaɓa bakwai gare ta, ana auna kowace gaɓa da milimita, ana ƙirga ƙayoyin da ke jikinta, sannan a duba faratan ƙarshe. Masu saƙa yana suna da farce uku, na ukun da shi suke riƙe zare. Mafarauta da yawa biyu gare su da tuntun gashi da ke ba su damar hawa abu mai santsi. Kada ka mai da wannan doka, Lycosidae mafarauta ne amma faratansu uku.

Duk waɗannan dangi ko gida suke kai ka. Nau'i kuwa, kusan kullum al'aura ce ke yanke hukunci, kuma a nan ne aikin yake. Namijin gizo-gizo ba shi da gaɓar barbara a ciki. Yana saƙa 'yar ƙaramar yana, ya ɗiga maniyyi a kai, ya zuƙe shi da 'yan hannuwa biyu da ke gefen bakinsa. Kan kowane hannu kumburarre ne, da tsinke da ƙugiyoyi da faranti masu tauri, kuma siffarsu ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Macen tana da wani faranti mai tauri a ƙarƙashin ciki, kusa da ƙugu, masana na kiransa epigyne, a bayansa akwai bututu da jakunkunan ajiyar maniyyi. Gizo-gizo biyu da ba za ka iya rabawa da ido ba, in ka sa hannun namiji a madubin ƙara girma, sai ka ga bambancin a fili. A al'ada hannun hagu ake cirewa a zana, daga ƙasa da kuma daga gefe, don zanen kowa ya yi daidai da na kowa.

Wannan ya haifar da sharaɗi mai ɗaci: sai balagagge. Gizo-gizo yana girma ne ta hanyar saɓa, kuma al'aurar ba ta kammala sai a saɓar ƙarshe. Namijin da saura saɓa ɗaya ya balaga hannunsa a kumbure yake, amma sumul, babu tsinke babu ƙugiya. Sabon shiga yakan ɗauka balagagge ne, ya ɓata yini yana neman abin da babu. Mafi yawan abin da za ka kamo a fili yara ne. In da hali ka raine su a 'yar kwalba da ɗanyen auduga da ƙananan ƙudaje har su yi saɓar ƙarshe, in babu ka rubuta dangi ko gida ka tsaya nan.

Simon ya ɗauki wannan al'aura ya yi babban rabo da ita. Ya ware masu sauƙaƙƙen gini, mace babu faranti mai tauri, ya kira su Haplogynae, masu rikitaccen gini kuma Entelegynae. Sunayen biyu suna cikin littattafai har yanzu, duk da binciken ƙwayar halitta ya sake wa rukunin farko fasali.

Inda tsarinsa ya karye shi ne kan wata 'yar gaɓa mai suna cribellum, ma'anar kalmar 'yar rariya. Faranti ne a gaban nonuwan zare mai ɗauke da ɗaruruwa ko dubban ƙananan ƙofofi. Mai shi yana da jerin gashi kamar matsefi a ƙafa ta huɗu, da shi yake taje zaren ya fito kamar shiɓaɓɓiyar auduga, ya kama ƙwaro ba tare da danƙo ba. Simon ya bi Philipp Bertkau na Jamus, ya raba babban rukunin nan mai fiƙoƙi kamar awartaki kashi biyu, masu rariya da marasa ita. A ido rabon yana da kyau. Sai a 1967 Pekka Lehtinen na Finlan ya kawo hujja cewa rariyar tsohuwar gado ce ta kakan rukunin duka, zuriyoyi daban-daban ne suka yi ta zubar da ita, kowacce a nata lokaci. Misali mai sauƙi: Oecobius, 'yan mitsi-mitsin nan da ke saƙa farar yana a kusurwar bango, suna da rariya, Uroctea ba su da ita. A tsarin Simon dangi biyu ne masu nisa da juna, yau dangi ɗaya ne. Abin lura ga mai rarrabewa shi ne, tarayya a abin da aka gada daga kakan kowa ba ta nuna kusanci, haka ma tarayya a rashin abu. Sabon abin da wata zuriya ta ƙirƙira ita kaɗai shi ke haɗa 'ya'yanta.

Akwai wasu matsaloli da ya bari waɗanda suka shafi hannu, ba tunani ba, kuma su ne za su fi yi maka amfani. Bayanansa na nau'i gajeru ne, sau da yawa 'yan layuka da Latin, kuma da yawansu babu zanen al'aura. Wanda yake son ya san abin da Simon ke nufi da wani suna, dole ya nemi samfurin kansa a gidan adana kayan tarihin halittu na Faris, inda dubban kwalabensa suke. A can ma wata wahalar ke jira. Yakan zuba samfuran da ya ɗauka nau'i ɗaya ne a kwalba ɗaya, ko da daga garuruwa daban-daban suka fito, kuma ba ya ware guda ɗaya ya ce wannan shi ne ma'aunin sunan. In daga baya aka gano nau'i biyu ne a kwalbar, sai an zauna an zaɓi ɗaya an ɗora masa sunan, kuma ba lallai a san garin da ya fito ba. Ba shi kaɗai ke haka a zamaninsa ba. Yanzu dokar ta toshe ƙofar: daga shekarar 2000, sabon suna ba ya halasta sai an fayyace samfurin da ke ɗauke da shi.

Sai matsalar suna biyu ga abu ɗaya. A wasu gidaje mace da namiji ba sa kama ko kaɗan. Trichonephila senegalensis, babbar nan mai saƙa yana mai ruwan zinariya tsakanin itatuwa, macen ta ninka namijin sau da yawa, shi kuwa ɗan ƙaramin abu ne a gefen yanarta. In an kamo su a lokuta daban, abu ne mai sauƙi a ba kowanne sunansa. Idan aka gano, sunan da ya riga fita shi ke tsayawa, na bayan ya zama lakabi. Ɗaruruwan sunayen Simon sun faɗi ta irin wannan hanya, amma mafi yawansu suna tsaye, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki da madubin ƙarni na sha tara.

To ga naka aikin. Hanyoyin kamu huɗu sun ishe ka: shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe ka buga da sanda, share ciyawa da koma mai ƙarfi, binne kofi bakinsa daidai da ƙasa don masu yawo da dare, da fita da tocila a goshi bayan isha. Kada ka sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ba don gizo-gizo kaɗai ba, don kunama da maciji. Ka ɗauki hoton kowanne da ransa, domin kore da ja su ne farkon zubewa.

Ba a soke gizo-gizo da allura a busar kamar ƙwaro. Cikinsa taushi gare shi, zai motse, farantin macen ya lanƙwashe. Ana sa shi a ruwan etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. In ya gaza haka zai ruɓe, in ya fi haka sosai ƙafafu su sandare su riƙa karyewa. Babban samfuri yana sakin ruwan jikinsa ya tsinke etanol ɗin, don haka ka canja ruwan bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma kada ka cusa kwalba, ruwan ya ninka naman sau da yawa. In ana son binciken ƙwayar halitta, a cire ƙafa ɗaya ko biyu a sa a etanol mai kashi 95 zuwa sama, a ajiye a firiza. Ka guji fomalin, yana taurara nama yana kuma lalata ƙwayar halittar. Ka guji sifirit mai launi na kemis, yana rina samfuri.

Takardar bayani a cikin kwalba take zama, ba a jikin murfi ba, domin murfi yana musanyuwa. Ka rubuta da fensir, tawadar biro narkewa take yi. A sa ƙasa, jiha, gari, lambobin wurin daga wayarka, kwanan wata da watan a rubuce da haruffa, irin wurin da aka kama shi, da sunan mai kamu. Wuri ɗaya da rana ɗaya, kwalba ɗaya. A zafin bazara etanol yana tsere wa murfin roba cikin 'yan watanni, kuma samfurin da ya bushe da wuya ya dawo daidai. Maganinsa shi ne a toshe ƙananan kwalabe da auduga, a kifa su cikin babbar kwalba mai murfi da roba a baki, a cika ta da etanol, a ajiye a duhu, a riƙa dubawa.

Wajen dubawa kana buƙatar madubi mai ido biyu da ke ƙara girma aƙalla sau 40. Samfurin ya nutse gaba ɗaya a cikin etanol, in wani sashe ya leƙo sama haske zai yi ta ƙyalli ya ɓoye maka siffa. Ka zuba tataccen farin yashi a gindin faranti don ka kafa shi yadda kake so. Don ganin cikin al'aurar mace, ana yanko farantin da bakin allura, a jiƙa a man kanumfari har ya yi garau, ko a narkar da naman da ruwan sinadarin potassium hydroxide (KOH) mai kashi 10 cikin ɗari. Na biyun yana da sauri amma ba ya yafiya: in ya daɗe, bututun za su kumbura ko su narke, ka zana abin da babu shi a halitta. Abin da ka yanko ya shiga ƙaramar kwalba, ita kuma ta koma cikin kwalbar mai shi.

Kafin ka rubuta kowane suna, ka duba shi a World Spider Catalog, kundin intanet da gidan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi. Ya gaji kundin da Platnick ya riƙe daga 2000 zuwa 2014, wanda shi ma ya hau kan na Pierre Bonnet da Carl Roewer. A watan Afrilu 2022 adadin nau'o'in da ke ciki ya kai 50,000, cikin dangi sama da 130. Zai nuna maka ko sunan yana nan, ko an canja masa gida, da takardun da aka zana al'aurarsa, kuma mai rajista yana iya sauke su kyauta. Gizo-gizon yankin Sahel da Sudan ba a bincike su sosai ba, saboda haka za ka gamu da waɗanda ba su dace da kowane zane ba. In haka ta faru, rubuta sunan gida ka bi shi da "sp.", alamar cewa ba a gano nau'in ba, ka ba shi lamba, ka ajiye mace da namiji tare in a wuri ɗaya ka kama su.